Awo ya nuna 190/120: a ruga asibiti ne, ko a zauna a sake aunawa?

Sista_Gaggawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tsaya a kan hawan jini mai tsanani, domin shawarar da ake ba mutane ta rabu gida biyu, kuma kowane gida yana cutarwa. Wasu da zarar na'ura ta nuna 180 sai su ce a fasa ƙwaya a ƙarƙashin harshe a sauke jinin yanzu-yanzu. Wasu kuma sai su ce ba komai, a sha magani a kwanta, alhali mutum yana dafe da ƙirji yana gumi. Likitocinmu ku fayyace mana, ina iyakar take?

Likitan_Zuciya:
Wa'alaikumus salam Sista. Iyakar da aka saba kafawa ita ce 180 a lambar sama ko 120 a lambar ƙasa. Ƙa'idar likitocin Turai tana ɗaukar 110 a ƙasa. Amma lamba ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Ki ɗauki mutum biyu, kowanne 200/120. Na farko yana zaune yana hira, ba inda ke masa ciwo. Na biyu ya kasa kwanciya, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu yana haki, in ya yi tari sai kumfa ta fito. Lambarsu ɗaya, amma na biyu ruwa ne ya taru masa a huhu saboda zuciya ta gaza tura jini gaba, kuma mintoci ake ƙirga masa. Na farko kuwa akwai kwanaki da za a sauke masa jinin a hankali.

Abin da ya raba su shi ne ko hawan jinin ya fara lalata wata gaɓa a wannan lokacin: ƙwaƙwalwa, zuciya, babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, ƙoda, ko ido. Alamomin da ba a jira da su: ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ciwo mai kamar tsagewa a ƙirji ko tsakanin kafaɗu, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar harshe, gani dishi-dishi ko ɗaukewar gani, ruɗewa, barcin da ba a iya tayar da mutum sosai, jijjiga, da raguwar fitsari ƙwarai. Ɗaya daga cikin waɗannan tare da jini mai yawa, asibiti nan take. Kuma in alamar ta bayyana, ko da na'ura ta nuna 170 ne, a tafi.

Mai_Haɗa_Magani:
Likita a ba ni dama in ja mu baya kaɗan. Kafin a yi maganar 190, a tabbata 190 ɗin gaskiya ce. Mutum ya zauna minti 5 a kujera mai jingina, tafin ƙafa a ƙasa, kada ya harɗe ƙafafu, ya ɗora hannu a tebur yadda damtse zai yi daidai da zuciya. Ɗamarar ta zauna a kan fata, ba a kan hannun riga ba, bakinta na ƙasa kamar yatsa biyu sama da gwiwar hannu. Ba magana a lokacin awo. Ya yi fitsari tukuna, domin cikakkiyar mara tana iya ƙara wajen 10. Minti 30 kafin awo ba taba, ba motsa jiki mai ƙarfi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne girman ɗamara. Wadda ke zuwa da yawancin na'urorin gida ta damtse mai kewayen santimita 22 zuwa 32 ce. Mai kaurin damtse in ya matsa ta da ƙyar, lambar za ta fito sama da gaskiya, wani lokacin da yawa. Shi mai 32 zuwa 42 yake buƙata. A auna damtse da tef sau ɗaya a huta. Na'urar wuyan hannu kuma ban cika yarda da ita ba, da hannu ya ɗan sauka ƙasa da zuciya sai lamba ta tashi.

A auna sau biyu, a bar minti 1 ko 2 tsakani. Bincike ya nuna kusan ɗaya cikin uku na masu irin wannan lamba da ba su da wata alama, hutun minti 30 a wuri mai shiru kawai yana sauko musu da jinin ƙasa da iyakar.

Sista_Gaggawa:
Malam na yarda, amma a ja layi a ƙarƙashin "da ba su da wata alama". Kada wani ya karanta wannan ya zaunar da mahaifinsa minti 30 bakinsa a karkace wai ana jiran a sake awo.

Mai_Haɗa_Magani:
Haka ne Sista. Mai alama ba ya jiran awo na biyu.

Ɗalibin_Likita:
Malamaina, ina ciwon kai da haɓo suka faɗa? Su ne mutane suka fi ɗauka a matsayin alamar jini ya hau.

Likitar_Ƙwaƙwalwa:
Ɗalibi, ciwon kai na yau da kullum ba ma'auni ba ne. Mutane da yawa suna yawo da 190 kansu garau, shi ya sa cutar take kisan mummuƙe. Sau da yawa ma ciwon ne ke ɗaga jinin, da ya lafa sai lamba ta sauka. Haɓo ma haka, ganin jini yana tsorata mutum, tsoro ya ɗaga awo. A matse tattausan hanci minti 10 zuwa 15 ba saki, kai ya ɗan sunkuya gaba, sannan a sake aunawa.

Ciwon kan da ke tayar da hankali daban ne. Wanda ya sauko lokaci guda kamar an buga guduma, ya kai ƙarshen tsananinsa cikin minti ɗaya. Ko wanda ya zo da amai, da ruɗewa, da dishi-dishin gani, ko sanƙarewar wuya. Na farko yana iya zama fashewar jijiya. Na biyu yana iya zama kumburin ƙwaƙwalwa, lokacin da ƙarfin jini ya fi ƙarfin ƙananan jijiyoyi har ruwa ya fara tsattsafowa ta jikinsu.

Game da shanyewar ɓarin jiki, abubuwa uku iyali za su duba: a ce ya yi murmushi a ga ko gefe ɗaya ya faɗi, ya ɗaga hannu biyu a ga ko ɗaya na sulalewa, ya maimaita gajeriyar jimla. Sai a rubuta lokaci, kuma lokacin da ake nufi shi ne ƙarshen lokacin da aka gan shi lafiya. In da asuba aka tarar da shi haka, to lokacin kwanciyarsa ne abin rubutawa. Allurar narkar da gudan jini ana ba da ita ne cikin awa 4 da rabi, kuma sai bayan hoton ƙwaƙwalwa na CT ya nuna ba zubar jini ba ne. Saboda haka ne ma ba a ba da asfirin a gida: toshewa da fashewa kamanninsu ɗaya ga ido, kuma asfirin a kan fashewa ƙara zuba ne. Kada a ba shi ruwa ko ƙwaya ta baki, haɗiya tana iya lalacewa, abin ya wuce huhu.

Abin da ke ba mutane mamaki: in toshewa ce, ba ma taɓa jinin sai ya wuce 220/120, sai fa in za a yi waccan allurar, to sai a sauke shi ƙasa da 185/110 tukuna, a riƙe shi ƙasa da 180/105 na awa 24. Dalili shi ne a gefen wurin da ya mutu akwai yankin da bai mutu ba tukuna, da ɗan jinin da ke lallaɓowa ta ƙananan hanyoyi yake rayuwa, kuma wannan ƙarfin jinin ne ke tura shi. Ka sauke shi da gaggawa, ka kashe yankin da hannunka. In kuwa zubar jini ce a cikin ƙwaƙwalwa, ana nufar wajen 140 a sama, cikin natsuwa.

Likitan_Zuciya:
Wannan bayani na Hajiya shi ne amsar masu ƙwaya ƙarƙashin harshe. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna tsukewa suna buɗewa da kansu don jinin da ke isa gare ta ya tsaya daidai. Wanda ya shekara da shekaru da hawan jini, jijiyoyinsa sun yi kauri, sun saba da sama. Lambar da ke lafiya ga wani, shi a wurinsa yunwar jini ce ga ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya.

Shi ya sa ko a asibiti, ko da an tabbatar gaɓa na lalacewa, ba a sauke fiye da kashi 25 cikin 100 a awar farko. Ɗalibi ga lissafin: matsakaicin ƙarfin jini shi ne lambar ƙasa a haɗa da kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin lambobin biyu. Mai 220/130, tazara 90, kashi ɗaya cikin uku 30, matsakaici 160. Kashi 25 na 160 shi ne 40, ke nan kada ya sauka ƙasa da 120 a awar farko. Daga nan a nufi wajen 160/100 zuwa 110 cikin awa 2 zuwa 6, sannan a lallaɓa zuwa daidai cikin kwana 1 ko 2. Ta jijiya ake yi, da maganin da in ka rage gudunsa aikinsa ya ragu.

Nifedipine mai saurin aiki da ake fasawa a baki ba shi da wannan linzamin. Da ya shiga ya shiga. Yana iya faɗo da jini ƙwarai cikin ƙasa da rabin awa, kuma tun 1996 wata maƙala a mujallar JAMA ta tattara rahotannin shanyewar jiki da bugun zuciya da mutuwa da suka biyo bayan wannan ɗabi'a. Abin dariyar ma, kusan ba ya shiga jini ta ƙarƙashin harshe, sai an haɗiye shi yake aiki.

Ungozoma:
Likita ranka ya daɗe, a nan ina da ja. In ka ce nifedipine haram ne gaba ɗaya, za a hana mai ciki maganin da zai cece ta. Kuma lambobinku na 180/120 ba namu ba ne. Mai ciki, ko wadda ta haihu cikin sati 6 da suka wuce, 160 a sama ko 110 a ƙasa ya isa gaggawa in ya tsaya haka minti 15, kuma ana so a fara magani cikin minti 30 zuwa 60. Mace matashiya da ta saba da 110/70 jijiyoyinta ba su yi kaurin da ka ambata ba, tana iya jijjiga ko zubar jini a ƙwaƙwalwa a lambar da dattijo ke yawo da ita.

Alamominta: ciwon kai da bai jin magani, ganin walƙiya ko taurari, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a saman ciki wanda ake ɗauka gyambon ciki ne, kumburin fuska da hannu lokaci guda. Maganin sauke jini uku ne: labetalol ta jijiya miligiram 20, in bai yi ba 40, sannan 80, ko hydralazine 5 zuwa 10 a hankali, ko nifedipine miligiram 10 a haɗiye. Na hana jijjiga kuma daban ne, magnesium sulphate: giram 4 ta jijiya a hankali, da giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk awa 4. Kafin kowace allura a buga gwiwa a ga ƙafa na harbawa, a ƙirga numfashi ya kai 16 a minti, a ga fitsari ya kai mililita 30 a awa. Calcium gluconate giram 1 ya kasance a kusa, shi ne makarinsa. Kuma magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan ba a ba mai ciki, suna cutar da ƙodar jariri.

Likitan_Zuciya:
Gyaranki ya karɓu, Hajiya. A haɗiye, a asibiti, ana bin awo duk 'yan mintoci, wannan wani abu ne daban da a fasa wa tsoho a gida a tafi a bar shi.

Tunda an buɗe ƙofar keɓantattu, akwai wata. Tsagewar bangon babbar jijiya. Ciwo ne mai zuwa farat ɗaya, yana ratsawa zuwa baya, wani lokacin yana sauka ƙasa yayin da tsagewar ke tafiya. A auna hannu biyu, bambancin da ya wuce 20 yana ƙara zargi. A nan ba maganar kashi 25, ana so lambar sama ta sauka ƙasa da 120 cikin kamar minti 20, bugun zuciya ya dawo wajen 60. Kuma da mai rage bugu ake farawa, esmolol ko labetalol, kafin mai buɗe jijiya. In aka juya tsarin, zuciya za ta ƙara sauri, kowane bugu yana ƙara yage bangon.

Likitan_Ƙoda:
Ina biye da ku, amma akwai abin da bai kwanta mini ba. Kuna magana kamar duk gaɓar da ke lalacewa tana ihu. Ƙoda ba ta ihu. Ido ma sau da yawa shiru yake. Akwai nau'in da ake kira mugun hawan jini, inda ƙananan jijiyoyi ke lalacewa ko'ina, ƙoda ta ga jini ya ragu mata sai ta saki sinadarin renin, shi kuma ya ƙara ɗaga jinin, abu ya zama zagaye. Mutumin yana iya cewa gajiya kawai yake ji da yawan fitsarin dare. Ka haska bayan idonsa ka ga zubar jini kamar harsunan wuta, da fararen tabo kamar auduga, da bakin jijiyar gani ya kumbura iyakarsa ta ɓace. Kafin a sami magunguna, wani bincike na 1939 ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na masu wannan ba sa cika shekara.

Don haka "ba ni da alama" ba ta isa ba. Wanda aka fara samu da 190/120 ya kamata a ranar a duba bayan idonsa, a tsoma tsinken gwaji a fitsari a nemi jini da furotin, a auna creatinine (ma'aunin aikin ƙoda) da potassium a jini, a ɗauki ECG, wato awon bugawar zuciya.

Wani kuskure kuma: allurar Lasix, mai sa fitsari, ga duk mai hawan jini. Masu mugun hawan jini galibi a bushe suke, ƙarfin jinin ya riga ya kore gishiri da ruwa ta fitsari. Ka ƙara musu mai sa fitsari, renin ya ƙara tashi. Wasu ma ƙarin ruwa suke buƙata. Lasix na mai ruwa a huhu ne.

Likitan_Zuciya:
Kan Lasix ba mu da saɓani. Amma kada mu tura kowa sashen gaggawa, Yallaɓai. A 2016 an wallafa binciken Cleveland Clinic kan mutum sama da 58,000 da aka samu da irin wannan lamba ba tare da alama ba. Waɗanda suka sami bugun zuciya ko shanyewar jiki cikin wata 6 ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma tura su asibiti bai rage hakan ba. Abin da ake gudu shi ne a kai su, wani ya ga lamba ya firgita, ya ɗirka allura.

Likitan_Ƙoda:
Waɗancan mutane ne da likita ya riga ya gani a ɗakin duba marasa lafiya. Ni ban ce a kwantar ko a yi allura ba, cewa na yi a duba. Ƙa'idar hukumar NICE ta Ingila ma haka ta tsara: 180/120 da zubar jini a ido ko kumburin jijiyar gani ko wata alama mai haɗari, ƙwararre ya gan shi a ranar. In babu, a yi gwaje-gwajen da wuri, a sake duba shi cikin kwana 7.

Likitan_Zuciya:
To mun haɗu a nan. A duba yau, a sauke a hankali.

Mai_Haɗa_Magani:
Saura tambayar da ake mantawa: me ya ɗaga shi? Mafi yawa, an daina shan magani ne, ko ya ƙare, ko mutum ya ji sauƙi ya ɗauka ya warke. Clonidine ya fi kowanne sharri a nan, tsayar da shi lokaci guda yana sa jini ya yi tsalle cikin kwana 1 ko 2, har ya wuce inda yake da can. Su atenolol da propranolol ma ba a yanke su farat ɗaya. Sai magungunan da ke ɗaga jini a ɓoye: ibuprofen da diclofenac, maganin mura mai pseudoephedrine, prednisolone da dexamethasone, ƙwayar tsarin iyali mai estrogen, hodar iblis da amfetamin. A tambaya kai tsaye, mutane ba sa ɗaukar maganin ciwon gwiwa a matsayin magani. Sannan ciwo mai tsanani da riƙewar fitsari, waɗannan in aka magance su lamba kan sauka da kanta.

Wanda ya manta maganinsa na yau kuma ba shi da alama, ya sha adadin da aka rubuta masa. Kada ya ninka. Amlodipine sai bayan awa 6 zuwa 12 yake kai ƙarfinsa, kuma sai ya yi kamar sati ana sha kafin ya daidaita a jini. Sai mutum ya sha ɗaya, ya auna bayan rabin awa ya ga ba canji, ya ƙara, ya karɓi na wani ya ƙara. Da dare duk su haɗu su yi aiki tare, ya tashi fitsari jiri ya kayar da shi.

Ɗalibin_Likita:
In an tabbatar gaggawa ce, wanne ake ɗauka cikin na jijiya?

Likitan_Zuciya:
Gaɓar da ke ciwo ce ke zaɓa. Labetalol da nicardipine sun dace da yawancin matsalolin ƙwaƙwalwa. Nicardipine ana farawa da miligiram 5 a awa, ana ƙara 2.5 har iyakar 15. Labetalol a kiyaye shi ga mai asma, da mai jinkirin bugu, da wanda zuciyarsa ta gaza a lokacin. Ciwon ƙirji ko ruwa a huhu, nitroglycerin. Nitroprusside yana da ƙarfi amma in ya daɗe ko ƙoda ba ta aiki yana tara guba. Mai hodar iblis a fara masa da diazepam ko makamancinsa. Hydralazine kuwa, ban da wajen masu ciki, ba na son sa: ba ka san iya inda zai kai jinin ba, kuma aikinsa yana daɗewa awanni.

Sista_Gaggawa:
Bari in ƙara abin da iyali za su yi kafin a isa. Mara lafiya kada ya tuƙa mota da kansa. Mai haki a bar shi a zaune, ƙafafu a ƙasa, kada a tilasta masa kwanciya. Wanda hankalinsa ya gushe ko ya yi jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, a duba agogo a san tsawon jijjigar. Mai ciki ta gefen hagu. A kwaso duk magungunansa cikin kwalayensu, har da waɗanda ya saya da kansa, da takardar awon da aka rubuta da lokutansu.

Kuma a faɗa wa likita in ya sha maganin ƙarfin maza, wato sildenafil cikin awa 24 ko tadalafil cikin awa 48. Na san kunya kan hana, to a raɗa wa ma'aikacin jinya a gefe. In aka ɗora nitroglycerin a kansu jini yana iya faɗuwa warwas.

Likitan_Ƙoda:
Bayan sallama kuma, wanda bai kai shekara 40 ba, ko wanda magani uku ba su riƙe shi ba, ko aka ga potassium ɗinsa a ƙasa ba dalili, a binciki tushe: tsukewar jijiyar ƙoda, yawan sinadarin aldosterone, ƙari a kan ƙoda mai sa ciwon kai da gumi da bugun zuciya lokaci-lokaci, ko ɗaukewar numfashi cikin barci. In an fara masa lisinopril ko losartan, a sake auna creatinine da potassium bayan sati 1 zuwa 2.

Ungozoma:
Mai jego ma a auna ta tsakanin kwana na 3 da na 6 bayan haihuwa, lokacin ne jinin ya fi tashi, kuma galibi an riga an sallame ta.